Ramukan Allura a Ƙarfen Zubi: Yadda Ake Gano Iskar da Ta Jawo Su da Yadda Ake Hana Su

Akwai aibin da ke fitowa fili tun lokacin da aka fasa mazubi, akwai kuma wanda ke ɓuya sai kaya ya isa hannun mai gurza shi a inji. Ramukan allura suna cikin kashi na biyu, shi ya sa asararsu ta fi ciwo. Za a zuba farantin injin niƙa ko gangar birki ko murfin famfo, a kakkaɓe yashi a ga fata sumul, amma da zarar an ɗebe milimita ɗaya ko biyu daga samansa sai ƙananan ramuka su bayyana birjik kamar an tsattsaga shi da tsinin allura. A lokacin an riga an kashe kuɗin wuta da na yashi da na gurza. Ƙarfen da ake magana a kansa shi ne ƙarfen zubi, wanda makanikai da masu walda ke kira kas, musamman mai ruwan toka wanda kabon ɗinsa yake tsakanin kashi 3 zuwa 3.5 cikin 100, silikon kuma kashi 1.8 zuwa 2.5.

Asalin matsalar ɗaya ce a ko'ina. Narkakken ƙarfe yana shanye iska fiye da yadda daskararre zai iya riƙewa. Idan ya fara daskarewa, wajen digiri 1150 na ma'aunin Salshiyas, sai ya riƙa tura iskar da ya sha zuwa ɓangaren da bai daskare ba tukuna, har ta taru ta zama kumfa. In fatar waje ta riga ta kama, kumfar ba ta da mafita, sai ta maƙale a ƙarƙashinta. Iskokin da ke wannan ɓarna uku ne: haidurojin, naitirojin da kabon monoksaid. Kowacce tana da hanyar shigowarta, kuma maganin ɗaya yakan tsananta ɗaya. Saboda haka aikin farko ba gyaran yashi ba ne, ko da yake yashi ake fara ɗora wa laifi a yawancin wuraren zubi. Aikin farko shi ne a karanta ramin.

Mataki na farko: a yanka, a duba cikin ramin

A ɗauki kaya uku ko huɗu daga cikin waɗanda suka lalace, a yanka su da zarto ta tsakiyar wurin da ramukan suka fi yawa, ko a karya su da guduma domin a ga cikin ramin ba tare da haƙorin zarto ya shafe shi ba. Madubin ƙara girma mai ninka abu sau goma ya isa a fara da shi.

Ramin haidurojin ƙarami ne, zagayayye ko mai siffar ɗigon ruwa, faɗinsa bai cika wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma yana dab da fata. Cikinsa santsi ne mai ƙyalli, sau da yawa da wani siririn baƙin shafe na girafait, wato kabon irin na bakin fensir, a bangonsa. Idan aka goge wurin aka sa a na'urar hangen ƙananan abubuwa, za a ga ƙarfen da ke kewaye da ramin babu ɓarɓashin girafait a cikinsa, domin kabon ɗin wurin ya tattara a bangon ramin. Ya fi son sassa masu sirantaka, da gefuna, da wuraren da suka yi nisa da ƙofar shigar ƙarfe, kuma ba ya zaɓen sama ko ƙasa.

Naitirojin yana da fuska biyu. A sashe mai kauri yakan fito kamar tsaga ko 'yar ɓaraka mai karkace-karkace wadda ta nufi cikin ƙarfen daga fata, har wanda bai saba ba ya ɗauka ramin tsukewa ne. A siraran sassa kuwa yakan yi zagaye kamar na haidurojin, abin da ke bambanta shi shi ne wurin zamansa: kusa da zuciyar mazubi, wato dunƙulen yashin da ake dasawa a ciki domin ya bar rami a jikin kaya, da kuma lungunan da zafi ke taruwa.

Ramin kabon monoksaid ba shi da tsabtar waɗannan biyun. Girmansa ba daidai ba ne, cikinsa dusu-dusu, kuma yawanci akwai ɗan kashin maƙera a manne a ciki ko a bakinsa. Kusan kullum a fuskar sama ta kayan yake, ko a ƙarƙashin zuciyar mazubi, wato duk inda dattin da ke yawo a kan ƙarfe zai je ya tokare.

Dole a ware abubuwa biyu da ba sa cikin wannan lissafi. Ramin tsukewa cikinsa kaushi ne mai rassa-rassa kamar reshen bishiya, yana can tsakiyar kauri, kuma rashin ƙarin narkakken ƙarfe da zai cike gurbi yayin daskarewa ne ke kawo shi. Babban kogon iska mai faɗin ɗan yatsa ko fiye, shi kuma tururi ko hayaƙin mazubi ne ya kutsa cikin ƙarfe da ƙarfi saboda rashin mafita. Wanda ya haɗa waɗannan da ramukan allura zai yi wata guda yana maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

Mataki na biyu: a rubuta yaushe da kuma ina

Kafin a taɓa komai a tanderu ko a yashi, a sa wa kowane mazubi lamba bisa jerin yadda aka zuba shi, a rubuta ludayin da aka yi amfani da shi, da zafin ƙarfen, da abin da aka loda a tanderu a ranar. Kwana uku zuwa mako guda na irin wannan rubutu yakan nuna hanya tun kafin a kai samfuri ɗakin gwaji. Idan aibin ya taru a kayan farko na safiya ko na farkon sabon ludayi, danshin ludayi ko na bakin tanderu ake zargi. Idan a na ƙarshen kowane ludayi yake, ƙarfe ya huce kuma datti ya taru, wato maganar kabon monoksaid ce. Idan ya fara ne ranar da aka kawo sabuwar motar tsohon ƙarfe ko sabon buhun ferosilikon, wato haɗin ƙarfe da silikon da ake ƙara wa narkakken kas, to an san inda za a dosa. Idan kuma yana ƙaruwa da damina yana ja baya da hunturu, ruwa na da hannu ko ta wace hanya ya shigo.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba laifin ƙarfe da na mazubi. A yi mazubi biyu na kaya iri ɗaya, a bar ɗaya da ɗanyen yashinsa, a busar da ɗayan sarai da wuta, sannan a zuba su daga ludayi guda a jere. In duka biyun sun fito da ramuka, iskar tana cikin ƙarfen tun kafin ya isa mazubi. In na ɗanyen yashi kaɗai ya lalace, to a cikin mazubi ne ƙarfe ya haɗu da ruwa suka haifi iskar. Sai dai a kula, wannan sakamako na biyu bai wanke ƙarfen ba, dalilin kuwa yana mataki na gaba.

Mataki na uku: haidurojin, da alminiyam da ke buɗe masa ƙofa

Nan ya kamata a fi daɗewa, domin a wurin da ake zubi da ɗanyen yashi, haidurojin ne ya fi yawan jawo ramukan allura. Tushensa ruwa ne, amma ruwa shi kaɗai bai cika isa ba, tunda kowane ɗanyen yashi yana da ruwa kuma ana samun kaya lafiyayyu daga cikinsa kullum. Abin da ke sauya lamarin shi ne ɗan alminiyam da ke cikin ƙarfen. Alminiyam yana da tsananin kwaɗayin iskar oksijin, saboda haka idan narkakken ƙarfe ya taɓa tururin da ke tashi daga bangon mazubi, sai ya fizge oksijin ɗin ruwan ya saki haidurojin, shi kuma ya narke cikin ƙarfen nan take. Ƙari a kan haka, alminiyam yana rage ƙarfin fatar narkakken ƙarfe, kumfa ta fi samun sauƙin ƙulluwa. Binciken da cibiyar nazarin ƙarfen zubi ta Birtaniya, wadda a da take Alvechurch kusa da Bamingham, ta yi tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce shi ne ya fito da wannan alaƙa sarai.

Adadin da ke kawo ɓarnar ƙanƙane ne ƙwarai. A ƙarfe mai ruwan toka haɗarin yana farawa ne tun wajen kashi 0.01 zuwa 0.02 cikin 100, ya ci gaba har wajen kashi 0.2. A lodin kilo 500, kashi 0.02 giram 100 ne kacal. Fistin ɗin ƙaramar mota guda ɗaya mai nauyin giram 400, wanda mafi yawansa alminiyam ne, idan aka bar shi a cikin bulo ɗin inji aka jefa a tanderu, zai iya kai wannan lodi kusa da kashi 0.07 kafin a cire abin da ya ƙone. Ke nan fistin ɗaya ya isa ya lalata zubin yini. Wannan magana ta shafi masu zubi na ƙasar nan kai tsaye, domin tsofaffin bulo-bulon injin mota da ake saye daga 'yan jari bola su ne babban abincin tanderu, kuma sukan zo da fistin, da murfin famfon mai, da gidan giyar mota, da sauran tarkacen alminiyam a jikinsu. A wurare irin Panteka ta Kaduna, inda aikin alminiyam da na baƙin ƙarfe ke maƙwabtaka, cakuɗuwar tarkacen ba ta da wuya ko kaɗan.

Saboda haka a fasa kowane bulo a cire duk abin da ba kas ba, a bi tarin da mayen ƙarfe, duk abin da bai kama ba a ware shi. Gwangwanin lemo da ake sharowa tare da ƙananan tarkace shi ma alminiyam ne. Aiki ne mai gajiyarwa, ana kuma yawan barin sa ga yaran shago ba tare da an gaya musu dalilinsa ba, alhali in sun san fistin ɗaya na iya mayar da kayan yini bola, za su fi sa ido.

Hanya ta biyu da alminiyam ke shigowa ita ce ferosilikon da ake barbaɗawa a ludayi domin gyara girafait. Na kasuwa yakan ƙunshi alminiyam kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100, wani ma ya fi haka. Idan aka sa kashi 0.3 na nauyin ƙarfe daga mai kashi 1.5, abin da ya shiga kashi 0.0045 ne, wanda shi kaɗai ba ya cutarwa. Amma idan mai zubi ya ninka adadin saboda tsoron kada gefen kaya ya yi farin tauri, kuma ƙarfen ya riga ya zo da nasa daga tarkace, sannan ana mayar da ragowar magudanai da kayan da suka lalace cikin tanderu kullum, sai jimillar ta haura iyaka ba tare da kowa ya lura ba. A auna ferosilikon a sikeli maimakon a ɗiba da hannu, a nemi takardar sinadaransa daga mai sayarwa, a kuma ajiye shi inda laima ba ta kai.

Taitaniyam yana ƙara wa alminiyam ƙarfi a wannan ɓarna: in suna tare, adadin alminiyam da bai isa ya yi komai ba shi kaɗai sai ya fara huda kaya. A riƙe wannan, za a sake buƙatarsa a maganar naitirojin. A ƙarfen zubi mai lanƙwasuwa, wanda ake sa wa maganiziyam domin girafait ɗinsa ya dunƙule, maganiziyam ɗin ma yana fasa ruwa kamar yadda alminiyam ke yi, don haka ragowarsa kada ta wuce abin da ake buƙata, wato wajen kashi 0.035 zuwa 0.05.

Bayan alminiyam sai hanyoyin ruwa da ke gaban mazubi. Tarkace mai tsatsa yana ɗauke da ruwa a cikin tsatsar kanta, mai maiƙo kuma man da ke jikinsa haidurojin ne da kabon. A ajiye lodi a ƙarƙashin rumfa, a gasa shi kafin ya shiga tanderun lantarki. Ludayin da aka yi wa sabon shafen yumɓu a busar da shi a hankali, sannan a gasa shi har cikinsa ya yi ja, domin samansa na iya bushewa alhali ruwa na nan a can ciki kusa da ƙarfen jikinsa. Haka bakin tanderu da kwararon da ƙarfe ke bi, da sandar motsawa da abin kwashe datti. Ƙarfen farko da ya bi ta sabon shafe gara a zuba shi a ramin ajiya a sake narkar da shi. Wannan ba maganar ingancin kaya ba ce kawai: ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, kuma jiƙaƙƙen ludayi na iya watsa wa mutane narkakken ƙarfe.

Mataki na huɗu: yashi

Yanzu ne ya dace a juyo kan yashi. Ɗanyen yashin zubin kas yakan yi aiki da ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 da yumɓun bentonait mai rai, wato wanda bai rasa danƙonsa ba, wajen kashi 7 zuwa 10. Matsa yashi a tafin hannu gwaji ne na masu gogewa, amma ba ya bambance kashi 3.5 da kashi 5, kuma a wannan tazarar ramukan suke. Awon ruwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a auna giram 100 na yashi, a busar da shi a zafin digiri 105 zuwa 110 har nauyinsa ya daina raguwa, abin da ya ragu shi ne kason ruwan. Inda ake da bututun gwajin matsuwa, a riƙe matsuwar yashin tsakanin kashi 35 da 45.

Abin da ke sa yashi ya nemi ruwa fiye da ƙima shi ne mataccen yumɓu. Duk zubin da aka yi, bentonait ɗin da ke dab da ƙarfe yana ƙonewa ya rasa danƙonsa, amma yana nan cikin yashin a matsayin ƙura, tare da tokar garin kwal. Ƙurar nan tana shan ruwa ba ta ba da ƙarfi, tana kuma toshe ƙofofin da tururi ke bi ya fita. Mai haɗa yashi zai ga ba ya kamawa, sai ya ƙara ruwa, gobe ya sake ƙarawa. Mafita ita ce a riƙa zubar da wani kaso na tsohon yashi ana shigo da sabo a kai a kai, a kuma auna yumɓu mai rai da gwajin shuɗin metilin inda hali ya yi.

Garin kwal yana taimakawa ƙwarai a kan haidurojin, domin idan ya ji zafi yana cika mazubi da hayaƙin da ke kore tururi daga fuskar ƙarfe, ya kuma shimfiɗa siririn kabon mai ƙyalli a bango. Yashin da garin kwal ɗinsa ya ƙare yana huda kaya ko da ruwansa daidai ne. Sai dai in ya yi yawa shi ma hayaƙinsa na kawo manyan koguna da tattarar fata, kuma kwal yana da nasa naitirojin da farar wuta, don haka a ƙara shi kaɗan-kaɗan ana duba sakamako.

Yashi mai zafi wata matsala ce da ake rainawa. Idan ya haura digiri 50, bentonait ba ya haɗuwa da ruwa yadda ya kamata, kuma tururin da ke tashi daga gare shi yana komawa raɓa a kan duk abu mai sanyi da ke cikin mazubi: zuciya, da ƙarafan sanyaya kauri, da 'yan ƙusoshin da ke tallafe zuciya. Waɗannan ƙarafa dole su kasance busassu marasa tsatsa. Mazubin da aka rufe da zuciya a ciki aka bar shi ya kwana, zuciyar ta sha laima kafin safiya. Shafen ruwa da ake yi wa fuskar mazubi ko zuciya a tabbatar ya bushe har ciki. A soke mafitar iska da siririyar waya a rabin mazubi na sama, kada a daka yashi ya yi tauri fiye da buƙata, kuma kowace zuciya a ba ta hanyar da hayaƙinta zai fita waje ta mazauninta.

Mataki na biyar: naitirojin

Idan ramukan tsaga-tsaga ne a kauri ko suna bin jikin zuciya, a nemi naitirojin ta hanyoyi biyu. Ta wajen tanderu, ƙarfe mai ruwan toka yakan ɗauki kashi 40 zuwa 80 cikin miliyan ba tare da matsala ba, amma daga wajen 90 zuwa 100 sassa masu kauri sukan fara tsagewa, musamman ƙarfe mai ƙarancin kabon da silikon da ake yi domin ƙarfi. Yawan tarkacen baƙin ƙarfe irin na rodi da falanki a cikin lodi yana ɗaga shi, haka ma garin kabon da ake ƙarawa domin cike gibin kabon ɗin. Garin da aka yi da gawayin man fetur wanda ba a gasa shi ya koma girafait ba zai iya ƙunsar naitirojin kashi 1 cikin 100 ko fiye, alhali wanda aka mayar girafait nasa ɗan mitsitsi ne. Lissafin a bayyane yake: kashi 2 na gari mai naitirojin kashi 1 ya kawo kashi 200 cikin miliyan bakin tanderu, ko rabinsa ƙarfen ya sha an riga an shiga haɗari. Arhar irin wannan gari ba arha ba ce.

Ta wajen mazubi kuwa, danƙon da ake haɗa yashin zuciya da shi ne tushen. Rezin ɗin furan mai yuriya a ciki yana sakin naitirojin da haidurojin tare idan ya ƙone, kuma duk manomi ya san yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne. Sinadarin hekzamin da ke taurara yashin ɓawo, wato yashi mai rezin da ake gasawa ya zama siririn mazubi ko zuciya, kashi 40 ɗinsa naitirojin ne, danƙon yuretan ma yana da nasa. A nemi rezin mai ƙarancin naitirojin, a sa mafi ƙarancin adadin da zai riƙe zuciya, wanda ga furan yakan kasance wajen kashi 1 na nauyin yashi, a tabbatar ya gauraya sosai kuma zuciyar ta gama nuna kafin a dasa ta. Ƙara jan garin tsatsar ƙarfe kashi 1 zuwa 3 a yashin zuciya sanannen magani ne. A kuma lura da ɓaraguzan tsofaffin zuciyoyi da ke komawa cikin ɗanyen yashi, domin suna tara naitirojin a can sannu a hankali.

Ana iya ɗaure naitirojin a cikin ƙarfe da taitaniyam kashi 0.02 zuwa 0.03, ko da ferosilikon mai zakoniyam. Amma ga tarkon da aka ambata a baya: in ramukan na haidurojin ne aka ɗauka na naitirojin, taitaniyam zai haɗu da alminiyam ya ninka su. A ganina kada a taɓa taitaniyam sai an auna alminiyam an ga yana ƙasa sosai, kuma ko a lokacin, cire tushen naitirojin ya fi rufe shi da wani sinadari, tunda taitaniyam mai yawa yana cin bakin wuƙar gurza. A sani kuma iskokin biyu suna tara ƙarfi: haidurojin da bai kai ya huda ba da naitirojin da bai kai ba, in sun haɗu a kumfa ɗaya sai su huda.

Mataki na shida: datti, manganis da ƙarfen da ya huce

Kabon monoksaid ba shanye shi ƙarfe yake yi daga waje ba, a ciki ake haifar sa. Kashin maƙera mai yawan tsatsar ƙarfe idan ya shiga mazubi ya haɗu da kabon ɗin ƙarfen, sai oksijin ɗinsa ya kama kabon su zama iska a daidai lokacin da fata ke rufewa. Abin da ke tsananta shi shi ne haɗuwar manganis da farar wuta masu yawa a ƙarfen da ya huce, domin a nan ne suke haɗuwa su shiga cikin dattin su tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, wanda abin kwashewa ba ya kamawa kuma yana bin ƙarfe har cikin mazubi. Masu tanderun kufola, wato dogon tanderun da ke narka ƙarfe da gawayin kwal, sun fi gamuwa da wannan saboda farar wutar da ke cikin gawayin kwal.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce manganis ya zama ninki 1.7 na farar wuta a ƙara 0.3. Ƙarfe mai farar wuta kashi 0.10 ke nan yana buƙatar manganis wajen 0.47, kuma kai shi 0.8 ko 0.9 ba tare da dalili ba neman rigima ne. Sauran maganin tsabta ce: a kankare tsohon datti daga bangon ludayi, kada a bar guntun ƙarfe ya huce a gindinsa a ɗora sabo a kai, a kwashe datti kafin zubi, a yi amfani da ludayi mai bakin buta da ke ɗebo ƙarfe daga ƙasa, a sa matatar yumɓu ko tarkon datti a magudana.

Mataki na bakwai: zafin zubi da hanyar ƙarfe

Ƙarfe mai sanyi yana taimakon kusan kowane irin ramin allura, domin fata na kamawa kafin kumfa ta tsere. Siraran kayan kas sukan so digiri 1400 zuwa 1450, masu kauri kuma 1340 zuwa 1380, kuma zafin da ake nufi shi ne na bakin mazubi, ba na cikin tanderu ba. Ido ba ya auna wannan, ma'aunin zafi na tsomawa ake buƙata. Kada kuma a zarce, domin zafi mai yawa yana sa ƙarfe ya kutsa cikin yashi, yana ƙara tsukewa, yana kuma ƙona danƙon zuciya da sauri ya ƙara naitirojin.

Magudana mai tsawo tana ba ƙarfe lokacin shan haidurojin daga ɗanyen yashi tana kuma sanyaya shi, shi ya sa ramukan ke taruwa nesa da ƙofar shiga. A gajarta ta, a riƙe kofin zubi cike tun daga farko har ƙarshe domin kada ya zuƙi iska, a kusantar da bakin ludayi, a shigar da ƙarfe ta ƙasa inda siffar kaya ta yarda. A wurin da ƙarfen farko mai sanyi da datti ke zuwa ya tsaya, a buɗe ɗan rami na malala domin ya wuce can maimakon ya zauna a jikin kaya.

Mataki na takwas: a canza abu ɗaya, a sake yankawa

Bayan an tsayar da wanda ake zargi, a gyara shi shi kaɗai, a zuba kaya goma ko ashirin masu lamba, a gurje fuskarsu milimita biyu ko a yanka su a daidai wurin da aibin ya saba fitowa, a ƙirga ramukan a kwatanta da na baya. Idan an zargi alminiyam, a yi narki ɗaya da zaɓaɓɓen kas mai tsabta ba tare da ragowar zubin baya ba, tunda ragowar tana ɗauke da gurɓatar makon jiya. Inda za a iya kai samfuri ɗakin gwaji, a zuba ɗan faifai a mazubin ƙarfe ko na tagulla domin ya daskare da sauri ya yi farin tauri, a nemi awon alminiyam da taitaniyam da manganis da farar wuta a na'urar sifektiromita, naitirojin kuma a nemi a auna shi da na'urarsa ta musamman. Haidurojin yana tserewa daga samfuri kafin a isa da shi, saboda haka shaidarsa ita ce siffar ramin, da adadin alminiyam, da sakamakon mazubi biyun nan na ɗanye da busasshe. Kayan da suka riga suka huje, in za a mayar da su tanderu, a riƙa sa su kaɗan-kaɗan cikin lodi mai tsabta har su ƙare.